Kafin Ka Zuba Dala a Kan Shafin Komik, Koyi Karanta Tawada

A watan Janairun 2022 kamfanin Heritage Auctions da ke Dallas a Amurka ya yi gwanjon takarda ɗaya tal ta asalin zanen hannu na komik, ta tashi a dala miliyan 3.36. Shafi na 25 ne na komik ɗin Secret Wars lamba 8, zanen Mike Zeck na 1984, inda Spider-Man ya samu baƙar rigarsa. Zeck gwani ne, babu ja. Sai dai duk mai ido ya san ba nan ya ƙure basirarsa ba. Abin da aka saya ranar shi ne begen yarinta na mutanen da yanzu aljihunsu ya yi nauyi. Haka shafin ƙarshe na Incredible Hulk lamba 180, aikin Herb Trimpe, inda Wolverine ya fara leƙowa a 1974: dala 657,250 aka biya a 2014. A ganina, wanda ya bar farashin gwanjo ya zame masa malami zai tara sunaye a bangon ɗakinsa, amma bai san abin da ya rataya ba.

To mene ne asalin zanen? Takarda ce mai kauri da ake kira Bristol, inci 11 da 17, zanen kuma yana cikin inci 10 da 15. Kafin wajen 1967 ana zane a takarda mafi girma, kusan ninki biyu na shafin da za a buga. Wannan kaɗai ma'auni ne: idan aka miƙo maka shafin kamfanin komik na Marvel na 1964 a ƙaramar takarda, ka yi tambaya kafin ka taɓa aljihu.

Hannu uku ne aƙalla ke bi ta kan tsohon shafi. Mai fensir ya zana, mai rubutu ya saka maganganu, mai tawada ya bi da baƙar tawadar Indiya, da buroshi irin Winsor & Newton Series 7 ko siririn alƙalami irin Hunt 102. Launi ba a kan wannan takardar ake sa shi ba, shi ya sa asalin yake fari da baƙi. Shafin gaske kuwa ƙazami ne, kuma ƙazantar ita ce shaidarsa: guntun fensir da ba a goge ba, shuɗin fensir da kyamarar maɗaba'a ba ta ɗauka, farin fenti da aka rufe kuskure, ƙyallen takarda da aka manna a kan fuskar da edita bai so ba, bayanin mai zane a gefe. Karkata shafin a ƙarƙashin fitila. Tawadar hannu tana da tudu da kwari, wani wuri ta yi sheƙi, wani wuri buroshi ya bushe ya bar zare-zare. Baƙin firinta a shimfiɗe yake bai ɗaya, kamar an goge shi.

Masu jabu sukan ɗora bugaggen shafi a kan akwatin haske su bi layi. Layin mai kwafa yana rawa, yana tsayawa inda gwani zai wuce da jan hannu ɗaya. Ɗauki hoton shafin, ka daidaita girmansa da bugaggen a kwamfuta, ka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Asali zai hau layi da layi, har kan ƙananan zane-zanen inuwa. A zanen bangon littafin komik kuma ka lura da yawan abin da aka manna: tambari da rubutu ba laifi, amma idan jarumin kansa hoton kwafi ne aka liƙa, kuɗin ya ragu ƙwarai.

Shafukan zamani suna da nasu tarkon. Tun shekarun 1990 rubutun magana ya koma kwamfuta, don haka shafin zai zo maka babu ko kalma. Sannan yanzu mai fensir yakan tura sikan, mai tawada ya buga shi da shuɗi a wata takardar ya bi a kai. Asali ya zama biyu ke nan, ɗaya fensir zalla, ɗaya tawada a kan shuɗin bugu wanda mai fensir bai taɓa ko da yatsa ba. Tambayi dillali kai tsaye, tawada a kan fensir ce ko a kan shuɗi? Wanda ya fara kame-kame, ka bar masa kayansa.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato yadda ake auna shafi. Sababbin shiga suna rububin shafin da jarumi ya cika takarda ya ƙame yana nuna ƙwanji. Yana da kyau a bango, na yarda, amma komik labari ne. Rufe maganganun da hannunka, ka ga ko za ka fahimci abin da ya faru daga gida na farko, wato akwatin hoto na farko a shafin, zuwa na ƙarshe. Bi idonka: hannun da ya kai naushi, jelar alkyabba, inda fuska ta juya, suna tura ka gida na gaba ne ko suna fitar da kai waje? Ja da baya kamar taku uku ka kanne ido, ka dubi yadda aka raba baƙi. Gwani yana ajiye baƙi inda yake son ka duba, rago yana watsa ƙananan layuka ko'ina don a ce ya sha aiki. Dubi kaurin layi: abin da ke kusa ya yi kauri, na nesa ya sirance. Dubi tafin hannu da ƙafa, domin nan ake kama wanda bai iya jikin mutum ba, sai ka ga hayaƙi ko dutse ya ɓoye ƙafa a kowane gida. Shafi mai gida shida na mutum biyu suna gardama a ofis yakan nuna gwaninta fiye da shafin faɗa, kuma kuɗinsa ba ya kai rabi.

Kada ka raina mai tawada. Fensirin Jack Kirby ɗaya ne, amma ka jera Fantastic Four da Joe Sinnott ya bi da Thor da Vince Colletta ya bi. Sinnott ya fito da nauyi da sheƙin ƙarfe. Colletta kuwa an san shi da goge wasu abubuwan bayan fage don ya cim ma lokaci, ko da yake siraran layukansa suna da masoyansu har gobe.

Tarihin hannun da shafi ya bi yana da muhimmanci saboda dalili. Da can kamfanoni ba sa mayar wa masu zane aikinsu. Wasu an yayyanka, wasu an yi kyauta da su, wasu sun yi ƙafa daga ma'ajiya. Sai a shekarun 1970 aka fara mayarwa, bayan fafutukar masu zane irin su Neal Adams, galibi kashi biyu cikin uku ga mai fensir, ɗaya ga mai tawada. Kirby sai a 1987 Marvel ta mayar masa da kusan shafi 2,000, kaɗan daga dubban da ya zana musu. Asalin Amazing Fantasy lamba 15 na Steve Ditko ma, wani ne da ya ɓoye sunansa ya ba Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka a 2008. Don haka ka nemi rasit da sunan gwanjon da shafin ya taɓa shiga. A gwanjo kuma ka tuna ana ɗora maka ladan kusan kashi 20 a kan farashin da aka buga guduma.

Idan shafi ya shigo hannunka, abokan gabansa haske ne da danshi da gam. Tawadar Indiya tana jure shekaru, amma inda aka cike baƙi da alƙalamin maka yakan koɗe ya koma ruwan ƙasa ko shunayya, kuma ba ya dawowa. Tsohon gam na roba yana cin takarda ya bar tabon rawaya, abin da aka manna ya faɗo. Ka adana guntun, ka kai wa ƙwararren mai gyaran takarda, kada ka sa salatif. Ajiye shafi a kwance cikin leda ta Mylar, danshin ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 50, don in danshi ya yi yawa fumfuna ke kamawa. In za ka sa firam, gilashi mai tare hasken rana, da kwali marar asid tsakanin gilashin da tawadar don kada su manne. Laminatin kuwa, ranar da ka yi shi ka kashe shafin.