Ciwon da na ɗora wa Akbishop

Ku da kuka zo Misa ran Lahadi don Allah ku daina turo min "ya mai jiki" a WhatsApp, ya isa haka.

Waɗanda ba su zo ba kuma, Baba Katikis mai yi mana tafinta a coci ne mura ta shaƙe shi, aka ce ni in yi wa baƙon Fadan nan da ya yi karatu a Rum tafinta tunda wai ni ne malamin turanci. Da farko lafiya lau, yana sakowa ina cafewa har da ɗaga hannu. Ya shiga tarihi, ya ce a 1959 Kaduna ta zama mazaunin akbishop, na faɗa. Ya ambaci marigayi Akbishop Peter Jatau, sai kawai ya saki wata kalma, archiepiscopate, ya ce ta fara a 1975 ba ta ƙare ba sai 2007. Ya yi shiru yana jirana.

Ni dai "akiyafiskofet" kunnena ya ji. To jama'a ku yi min adalci, kalma doguwa haka, ta kama mutum a wata shekara ta daɗe tare da shi, ga Fada ya sassauta murya ya dafa ƙirji, in ba cuta ba mece ce? Na gyara makirfo na ce bawan Allahn nan shekara 32 ya yi yana fama da ciwon akiyafiskofet amma ko rana ɗaya bai fasa aiki ba. Wannan na ƙarshen ma gishirina ne, ba wanda ya aike ni.

Matan zumunta suka ɗauka, wayyo Allah sarki. Maman Biyu daga layin baya ta ɗaga murya wai irin na ƙafa ne ko na ciki? Fada ba ya jin Hausa, ya ga magana ta ratsa mutane sai ya ƙara wuta, ya ce abin ya haifar da albarka mai yawa. Na ce ciwon ya zame mana albarka. Zufa ta fara bin bayana. Sai ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya ba Akbishop na yanzu irinta, doguwa. Nan fa na tsaya. Na kalli rufi, na kalli fanka, na ce Allah ya tsare shi da ita. Coci ta ce AMIN.

Fadanmu ne ya taso yana danne dariya ya karɓe makirfo daga hannuna, a gaban matata da surukata. Ya ce ba cuta ba ce, muƙamin akbishop ne ko zamanin da mutum ya yi a kan kujerar, yadda za ka ce zamanin sarki wane. Asalinta Girkanci, arki babba, episkopos mai kula, can ma bishop ta samo asali. Wato da baƙon ya ce "a zamanin Jatau" da an wuce wurin, amma ina, sai an nuna mana an je Rum.

Ni ba Fada ne ya fi ƙona min rai ba, yaron nan mai kibod ne. Ya gama jami'a, na tabbata ya san kalmar, amma ina cewa ciwo ya sa min kiɗan jana'iza a hankali yana sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Yaron da na biya wa kuɗin fom, har yau cajata tana wurinsa tun Ista, in na tambaya ya ce tana wajen ƙaninsa, ƙanin kuma yana Kafanchan.

Jiya Maman Biyu ta tare ni a kasuwa wai har yanzu ba ta gane ba, ana ɗauka ne? Na ce ta tambayi Baba Katikis, muryarsa ta dawo.