Ƙullutun kan hancin jariri ba aikin wanzami ba ne

Jama'a, roƙona ga iyaye da kakanni a Kano: jaririn da aka haifa da ƙullutu ko ɗan rami a tsakiyar doron hanci, kada aska ta taɓa wurin. Ko ranar suna wanzami ya ce, "Hajiya, ai maruru ne, bari in tsaga," a ba shi haƙuri. Ban raina sana'arsa ba, amma wannan ya fi ƙarfin zabira.

A watanni biyun farko na ciki, tantanin da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa yakan zuro ta wata 'yar kafa a gindin ƙashin goshi har ya taɓo fatar hanci. Daga baya sai ya janye, kafar ta toshe. Idan janyewar ba ta kammala ba, yakan ja 'yar fata ya shige da ita ciki, ita kuwa ta ci gaba da aikinta a can, tana tsiro da gashi tana tara maiƙo. Shi ne za ka ga rami kamar hudar allura, da silin gashi ɗaya ko biyu, in an matsa farin abu ya fito. A wasu yaran, hanyar nan ba ta tsaya ba sai cikin ƙoƙon kai. Ƙwayar cuta ta bi ta, sai sanƙarau.

Akwai wanda ya fi wannan: ƙwaƙwalwar ce da kanta ta leƙo. Alamarsa, yaro na tsala kuka ƙullutun na ƙara kumbura. To a tsaga wannan a zaure?

Abin ba shi da yawa, kusan haihuwa 1 cikin 20,000 zuwa 40,000. Shi ya sa unguwa guda babu wanda ya taɓa gani, kowa sai ya zama malami. Wai uwar ta fita da magariba, wai ta yi wa wani dariya. Haba! Lokacin da abin ya faru, wata uwar ma ba ta san tana da cikin ba.

A kai shi asibiti. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai likitocin kunne, hanci da maƙogwaro, akwai na tiyatar ƙwaƙwalwa. Su ma ba sa sa wuƙa sai sun ɗauki hoton CT ko MRI, wato hoton da ke nuna cikin kai, sun ga inda hanyar ta tsaya. Hoton da tsada, na sani. Dangin da za su haɗa kuɗin ragon suna da kayan barka, su fara haɗa na hoton.