Wai haɗakar Benz ce za ta gyara abota?

Wannan sabon yayi na samarin Abuja ya fara isata, mutum huɗu ko biyar su yi karo-karo su sayi Benz ko Lexus ɗaya, a buɗe mata guruf a WhatsApp ana rabon kwana kamar gidan mai mata huɗu. Sayen bai dame ni ba, kuɗinsu ne. Abin haushin shi ne masu koyar da cigaba a Facebook da TikTok da suka mayar da abin darasi, wai yana ƙara danƙon abota, yana koya wa matashi haƙuri da riƙon amana. Haba malam!

Wane haƙuri? A bari Asabar ta zo, biyu suna da ɗaurin aure, ɗaya ya riga ya yi wa budurwa alƙawarin zagaya Wuse 2 da yamma, a nan za ka ga amanar. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000, to wa zai cika tankin? Kowa sai ya dawo da ita allura na kan ja, ya ajiye makulli ya kashe waya. Ranar da giya ta fara fizga aka kai ta wajen bakanike a Apo, ya faɗi kuɗin kayan gyara da farashin dala, sai ka ji kowa na rantsuwa wallahi lafiya lau ya ba da ita.

Ga kuma abin da ba sa son a taɓo, takardun mota sunan mutum ɗaya suke ɗauke da shi. Sauran fa? Sai hoto a jikin bonet. In ya sayar ya ce an sace, ko Allah ya yi masa rasuwa magada suka sa ta cikin gado, da me za ku je gaban alƙali, da sitikar guruf?

Masu cewa ai Turawa ma suna haɗa kuɗi su sayi jirgi, su fara nuna mana lauya da yarjejeniyar da suka sa wa hannu tukuna.

Haɗin gwiwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, iyayenmu mata da adashe suka aurar da 'ya'ya, amma abin da ke kawo kuɗi ake haɗawa a kai. Ku nemi fili a Kuje ko Gwagwalada, ku rubuta da shaidu. In kuma Benz ɗin ce dole, a fara tsayar da wanda zai tafi da ita gida ranar Sallah kafin a biya dillali.