Gidan da na gina wa Inna bai san ta tsufa ba

Tsohuwar da nake haya a saman gidanta a nan Toyama, ƙasar Japan, ta dawo daga asibiti makon jiya da ciwon gwiwa. Ta haura tamanin. Ta kira ni in kawar mata da wani kabad, sai na tarar da baƙi biyu, mace da namiji, riƙe da abin awo da littafi. Ce mata suka yi ta tashi ta yi zirga-zirgarta kamar kullum, suna biye. Duk inda ta dafa bango sai namijin ya manna alama. Suka auna tsayin gadonta, suka auna ɗan tudun nan na bakin ƙofa inda Japanawa ke cire takalmi, har suka ƙirga takunta daga gado zuwa banɗaki da dare. Yanzu akwai sandar dafawa a duk wurin da aka yi alama, daidai tsayin hannunta. An cire dokin ƙofa, an shimfiɗa abin hana santsi a wurin wanka, an sa ƙofar da ake ja gefe don kada ta ture ta.

Ba alfarma aka yi mata ba. Tun shekarar 2000 Japanawa suke da inshorar kula da tsofaffi, wadda duk wanda ya kai 40 yake biya. Tana ɗaukar gyaran gida har na yen 200,000, mai gidan ya biya kashi 10 zuwa 30 gwargwadon samunsa. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen ƙasar sun kai 65, shi ya sa sabon jirgin ƙasa na cikin garin nan ma ƙasansa daidai yake da dakalin tasha, tsoho ba ya ɗaga ƙafa.

Ranar na kasa cin abinci, saboda Inna.

Bara waccan na gina mata gida a bayan garin Argungu. Tayil mai sheƙi tun daga falo har makewayi, matakala uku a bakin ƙofa, katanga doguwa da get. Birkila yana turo hotuna ta WhatsApp, 'yan'uwa suna sa albarka. Cikinmu babu wanda ya tsaya ya kalli yadda take tashi daga tabarma. Wata huɗu da tarewa, ruwan buta ya zuba a tayil bayan alwalar asuba, ta zame, ƙugu ya karye. Aka fara da mai ɗori, daga baya aka kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Yau a zaune take salla.

Kowa ya ce ƙaddara, kuma na yi imani da ita. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne ta fi kashewa. Abin da aka san yana kayar da tsoho, mu muke saye da kuɗinmu mu shimfiɗa masa don a ce ɗansa ya yi arziki.

Abin da ya fi ƙona mini rai, tsohon gidanmu na ƙasa ya fi wannan sanin tsufa. Daɓensa ba ya santsi, soron yana da sanyi ko a tsakiyar bazara, ga inuwar darbejiya, ga maƙwabta suna shigowa ba sallama sau biyu. Na ɗauke ta daga nan na kai ta ƙarƙashin kwano, inda sai an hau mashin kafin a zo gaishe ta.

Na san me za a ce mini, don ni ma na sha faɗa wa Japanawa da alfahari: mu ba ma barin iyayenmu. Gaskiya ne a nan har kalma suke da ita, kodokushi, ta mutumin da ya mutu shi kaɗai a ɗaki sai bayan kwanaki a gano. Allah Ya raba mu da ganin haka a Kebbi. Sai dai wannan alfaharin ne ya sa ba ma gyara ko makewayi, muna cewa ai akwai 'ya'ya. Ina 'ya'yan? Cikin mu bakwai, mutum ɗaya ne a Argungu. Ni awa takwas ke tsakanin agogona da nata. Lokacin da ta faɗi, ina wurin aiki ina cin abincin rana.

Jiya na kira Yaya na ce a fasa tayil ɗin makewayi, a sa kujerar alwala, a nemo mai walda ya kafa ƙarfen dafawa. Na ce, “Yaya, don Allah kafin ya zo ka lura da inda take dafawa in za ta tashi.” Ya yi shiru, sannan ya ce ai ba bango take dafawa ba, kafaɗar 'yarsa ce. Ita kuma bayan Babbar Salla za a ɗaura mata aure, a kai ta Jega.