An kira ka fim? Zauna mu yi magana tukuna

Matasan Gombe, ku da kuke barkwanci a TikTok kuna ganin mabiya na ƙaruwa, da ku da kuka yi suna a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, da ku nake. Ran da wani furodusa ya bugo waya ya ce akwai rol a fim ɗinsa, na san barci ba zai ɗauke ka ba. Ba zan ce kada ka je ba. Sana'a ce, tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano mutane ke ci da iyalansu da ita. Abin da nake so shi ne ka je da idonka a buɗe, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abu na farko da za ka tarar a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, shi ne jira. Za a ce ka zo ƙarfe bakwai na safe, ka zo cikin wanka da turare, sai ka ga ko janareta ba a tayar ba. Babban jarumi bai iso ba, yana wani aikin. Idan ya iso, nasa sin ɗin, wato fitowarsa, za a fara ɗauka, don lokacinsa kuɗi ne, naka kuwa babu mai lissafa shi. An saita kamara, sai ladan ya kira salla, a dakata. An dawo, mai keke napep ya wuce da kiɗa, mai sauti ya ɗaga hannu, a sake. Rana ta karkata, haske ya canja, a ce sai gobe. Kai kuma kana zaune a kan benci tun safe da kalmomi goma sha a bakinka kana ta bita. Mafi yawan sababbi a nan suke zubar da kansu, ba a gaban kamara ba. Wani ya fara ƙorafin yunwa, wani ya ɗauko waya yana ɗaukar jarumai hoto ba izini, wani ya sulale shan shayi a neme shi a rasa. Darakta ba zai yi maka faɗa ba. Lambarka kawai zai manta.

Idan layi ya zo kanka kuma, ka sani wasan dandamali daban, wasan kamara daban. A dandamali kana ɗaga murya da hannuwa don na bayan zaure ya gani. Kamara kuwa tana daf da fuskarka, ƙiftawar ido ma tana kamawa. Wanda ya saba bai wa jama'a dariya da zare ido, a nan sai ya zama abin tausayi. Za a sa maka alama a ƙasa a ce nan za ka tsaya, idan ka wuce da taku ɗaya ka fita daga haske. Za a ce kada ka kalli kamara, kuma ita idonka zai yi ta nema. Magana ɗaya za ka faɗe ta daga nesa, ka sake faɗa daga kusa, ka sake faɗa alhali abokin wasan naka kawai ake ɗauka, kuma kowane karo dole hannun da ya riƙe kofi ya zama shi ne dai, hular ta karkata inda ta karkata. Shi ne aikin mai kwantiniti, kuma idan ya ce kada ka yi aski har a gama, to kada ka yi. Ba a ma bin labarin a jere. Za a iya sa ka kukan mutuwar mahaifi da safe, da yamma ku zauna da shi kuna cin tuwo, don duk sin ɗin da ke gida ɗaya a haɗe ake ɗauke su.

Wani abu da mu 'yan nan gabas muke cin karo da shi: karin harshe. Hausarmu ta Gombe da Bauchi tana da nata ɗanɗano, kuma ba abin kunya ba ce. Amma idan rol ɗin na ɗan cikin birnin Kano ne, darakta zai tsayar da kai a kan abin da kai ba ka taɓa jin kuskure ba ne. Kada ka yi fushi, kuma kada ka dawo gida kana yi wa Bappa da Goggo Kananci a tsakar gida.

Akwai wani yaro a unguwarmu, nan Jekadafari, mai gyaran waya. Aka ba shi rol ɗin ɗan aike a wani fim. Tun kafin ya shiga mota ya bi ta Dukku da Darazo, duk majalisa ta san ya zama jarumi. Ya rufe shago, ya ci bashin shadda, ya canja suna a Facebook. Da fim ya fito, ya tara abokai a ɗakinsa. Sin ɗin da ya yi magana a ciki an yanke shi wajen tacewa, abin da ya saura ƙeyarsa ce yana miƙa takarda. Ya zo yana ce mini, “Hamma, wallahi zalunci ne.” Na ce masa babu wanda ya zalunce shi a nan. Mai tacewa labari yake bi, duk abin da ya ja fim baya zai cire, ko na wane ne. Abin da ya fi yi wa yaron ciwo ba yankan ba ne, bakinsa ne da ya riga aikinsa isa gari. Ka yi shiru har fim ya fito.

Sai maganar kuɗi, wadda kunya ke hana mu yi. Ka tambayi sallamarka nawa ce tun kafin ka bar gida, wa zai biya kuɗin mota, ina za ka kwana. Sabon shiga sau da yawa abin da ake ba shi bai wuce na mota da abinci ba, wani lokacin ma sai “Allah ya yi albarka”. Idan ka yarda da haka don koyo, babu laifi, amma ya zama ka sani ka yarda. Kasuwar ma ta canja. Zamanin faifan CD ya wuce, yanzu YouTube ce da tashoshi irin Arewa24 da ta fara a 2014, kuma furodusan kansa yana jiran ya ga ko kuɗinsa zai dawo. Amma duk wanda ya ce kai ne za ka biya don a sa ka a fim, ko ka turo kuɗin fom ta waya kafin ka ga ofishinsa, ka riƙe aljihunka. Ka tambayi fina-finan da ya yi a baya, ka tambaya ko 'yan MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, sun san shi. Idan a Kano za a yi aikin, akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa 'yan fim rajista.

Ƙanwata, ke taki maganar ta fi nauyi, kuma ba don kin fi namiji laifi ba, sai don al'ummarmu ta fi tsananta miki. Odishin, wato gwajin 'yan wasa, da aka ce a ɗakin otal za a yi da daddare, ba odishin ba ne. Ki je da yayanki ko addarki, duk wanda zuwansu ya ɓata wa rai kin ga nufinsa. Ki nemi a ba ki labarin ki karanta, ki san kayan da za ki sa, ki san ko akwai rawa da waƙa, tun kafin a kunna kamara. Bayan an ɗauka babu sauran ikonki a kai. Za a yanko daƙiƙa ashirin a watsa a WhatsApp ba tare da labarin da ya kawo su ba, kuma wata rana dangin mai neman aurenki za su gani. A 2007 bidiyon waya guda ɗaya ya jawo aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni. A 2016 MOPPAN ta kori fitacciyar jaruma saboda bidiyon waƙa. Waɗancan suna da suna da magoya baya, ke fa? Kuma duk ku biyun, mace da namiji, kada iyayenku su fara jin labarin a bakin maƙwabta. Idan sun ƙi, ku nemo wanda suke jin kunyarsa ya yi musu bayani. Idan sun kafe, ku haƙura, wani fim ɗin zai zo.

Kada ka bar makaranta ko shagonka saboda kira ɗaya. Ali Nuhu da kuke gani, wanda mahaifinsa ɗan Balanga ne nan jiharmu, digiri ya yi a Jami'ar Jos, kuma a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Hukumar tana Jos, tana da makarantar koyon fim a can, ga ɗan Bauchi ma tafiyar safe ce. Idan da gaske kake son harkar, lokacin da kake zaune a bencin nan ka bar danna waya, ka kalli mai haske yadda yake juya fitila, ka taya mai sauti riƙe sandar makirfo, ka tambayi mai kamara dalilin da ya sa ya matso. Masu son fitowa a allo sun yi yawa, masu iya sauti da tacewa kuwa nemansu ake yi, ko a nan Gombe wajen bikin aure da tallan 'yan kasuwa. Idan an gama aikin, ka yi wa kowa sallama har mai dafa abinci, ka karɓi lambar mataimakin darakta, domin shi ke tuna wanda ya zo a kan lokaci idan ana neman mutum a aiki na gaba.