Kwamfuta ba za ta gyara asibitin da ya ƙi sauya tsarin aikinsa ba

Tun daga 2024, lokacin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamitin mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta ƙarƙashin ƙaramin minista na wancan lokaci, Dakta Tunji Alausa, kusan kowane wata sai an ji wani asibiti ya yi shelar cewa ya yi ban kwana da takarda. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake auna nasarar da yawan na'urorin da aka sayo, alhali ba wanda ke tambayar me ya sauya a yadda ake aiki.

A wani babban asibiti da ya yi irin wannan shela, mara lafiya yana bin layi a ɗakin kati kamar yadda aka saba, ya sake bin wani layin don biyan kuɗi, sannan ya isa gaban likita. Likitan zai rubuta bayani a fayil da biro, saboda babban likitan sashen bai yarda ya duba allo ba idan ya fito zagayen marasa lafiya, daga baya kuma ya juya ya sake shigar da bayanin a kwamfuta da yatsu biyu. Sakamakon gwajin jini da ya kamata ya iso ta manhaja, ɗan'uwan mara lafiya ne ke rugawa ya karɓo a takarda. Aiki ɗaya ya koma biyu, likita ya gaji, layi ya ƙara tsawo. Wannan gyaran gangar auzinawa ne, kuma laifin shugabannin asibiti ne, domin su ne suka ɗora sabuwar na'ura a kan tsohon tsari ba tare da sun taɓa shi ba.

Masu cewa matsalar duk ta rashin kuɗi da wutar lantarki ce suna neman mafaka ne kawai. Gaskiya ne an yanke wa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan wuta a 2024 saboda bashi, amma Birtaniya ba ta rasa wuta ba, ba ta kuma rasa kuɗi ba. A 2002 gwamnatin Tony Blair ta ƙaddamar da gagarumin shirin haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocin Ingila, aka ba manyan kamfanoni kwangila daga sama, aka yi sakaci da ra'ayin likitoci da ma'aikatan jinya waɗanda za su yi amfani da shi kullum. A 2011 aka wargaza shirin, kuma kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya ƙiyasta kuɗinsa da kusan fam biliyan 10.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa a bainar jama'a. Kwamfuta tana nuna wanda ya karɓi kuɗi, da ƙarfe nawa likita ya fara ganin marasa lafiya, da adadin maganin da ya fita daga rumbu. Duk wanda ke cin moriyar ɓacewar fayil ba zai yi maraba da ita ba, shi ya sa “sabis ya ɗauke” ta zama amsar da ta fi sauƙi a bakin taga. Shugaban asibitin da ba shi da ƙarfin halin fuskantar irin waɗannan ma'aikata, ko manhajar da ta fi kowace tsada aka kawo masa, a cikin shekara guda za a koma wa fayil.

Kafin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sake amincewa da kuɗin sayen na'urori, ya kamata ta tilasta wa kowane asibiti ya nuna layukan da zai soke, da takardun da zai daina bugawa, da ma'aikatan ɗakin kati da zai horar ya ba su sabon aiki. Asibitin da ya kasa kawo wannan a rubuce, a hana shi ko da kwamfuta ɗaya.