Wai an ɗora bayananka a intanet, amma ranar buƙata babu ko ɗaya

Abin da wasu masu harkar kwamfuta ke sayar wa 'yan kasuwa da sunan ajiyar bayanai cin amana ne tsagwaronsa. Mutum ya shigo kantin magani ko ƙaramin asibiti, ya saka Google Drive, ma'ajin fayil na intanet, a kwamfutar kan tebur, ya nuna wa Alhaji ɗan koren maki a jikin fayil, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Wannan fa madubi ne kawai, ba ajiya ba. Duk abin da ya sami fayil a kwamfutar, cikin mintoci zai sami na intanet. Yaron kanti ya goge lissafin bashi bisa kuskure, can ma ya gogu. Kwandon sharar Drive kwana 30 yake riƙe shi, daga nan sai labari. Masu garkuwa da bayanai suka kulle kwamfutar suna neman kuɗin fansa, kullallun fayilolin ne za su hau su danne masu kyau. Manhajar lissafi kuwa, idan ana kwafe fayil ɗinta tana buɗe, sau da yawa gurgun kwafi ake samu wanda ba ya buɗuwa.

Faifan ajiya na waje ma abin takaici ne. Za ka gan shi a kan kwamfutar, ƙura ta rufe shi, wayarsa a jone dare da rana. Wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona su tare, ɓarawo ya kwashe su tare. Ina amfanin baɗi ba rai?

Ƙa'idar ajiyar bayanai ba ɓoyayya ba ce: kwafi 3, a ma'aji iri 2, ɗaya a wajen ginin. A ƙara da kwafin da ba a iya gogewa ko canzawa sai wa'adinsa ya cika. Sannan a gwada dawo da bayanan, ko da sau ɗaya a wata uku. Nan ne ake kama maƙaryaci, shi ya sa ba sa son gwajin. Gigabait 500 a kan layin intanet mai gudun megabit 10 a daƙiƙa sai ya ci kusan kwana 5 yana saukowa, in wuta da intanet ba su yanke ba ke nan. Wa ya faɗa wa mai kanti haka? A watan Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ta gaɓar Kwaddibuwa, bankuna ma sun ji jiki.

Mafi ciwo, mai kasuwar ne doka za ta kama. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, in bayanan jama'a suka fita. Tarar ƙaramin kamfani tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Amma ga sunayen marasa lafiya da lambobin NIN zube a asusun da mai gyara ya buɗe da nasa imel, kalmar sirri a hannunsa, babu takardar yarjejeniya, babu matakin tabbatarwa na biyu bayan kalmar sirri. Ranar da kuka saɓa, sai ka bi shi kana roƙon bayananka, shi kuma ya kashe waya.